"Da Sauƙi" Ta Kusa Halaka Hasana

Yasmin ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Ingila, amma iyayenta 'yan Dutsin-Ma ne. Ta zo aikin sa kai na wata uku a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Rawayau. Ta iya aiki, sai dai akwai ta da ji da kai da gaggawa. 'Yar Hausar da ta tsinta a ɗakin uwarta gani take ta ishe ta, ba ta tambayar kowa komai. Haushi ma take ji in ta ga mutum ba shi da na cefane yana ta alhamdulillahi, don ita rabonta da ɗaga hannu ta roƙi Allah har ta manta.

Da damina ta duba Hasana, 'yar shekara uku, mai zazzaɓin cizon sauro, ta ba da magani. Washegari da hantsi uban yarinyar, Malam Audi, ya iso a ƙasa tun daga Wurma. Daga bakin ƙofa ta tambaye shi jikin Hasana, ya sunkuyar da kai ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Kafin ya ƙara kalma ta juya ciki, ta cire yarinyar daga jerin waɗanda za a bi gida a sake dubawa.

Sai da azahar Inna Rahamatu, tsohuwar ma'aikaciyar wurin, ta ji labari. Ta dafe ƙirji.

"'Yar nan, a nan ko mutum na gargara da sauƙi ake cewa. Manomi zai bar gonarsa da damina don ya gaishe ki?"

Nan take Yasmin ta miƙe. Suka hau babur zuwa Wurma, taɓo na riƙe taya, hadari na haɗowa. Suka tarar Hasana na jijjiga, idanu sun kafe. Aka yi asibitin Dutsin-Ma da ita, aka ce sai an ƙara mata jini.

A barandar asibiti Yasmin ta durƙusa gaban Batula, uwar yarinyar, tana kuka tana neman gafara, ta ce ita ta ɗauka an warke. Batula, wadda ko takalmi babu a ƙafarta, ta ɗago ta.

"Malama, ba ƙarya Malam ya yi miki ba. Roƙo ne. Muna faɗa ne don Allah Ya ji Ya kawo sauƙin."

Kunya ta rufe Yasmin. Ta nemi buta, ta bi Batula sallar la'asar, ta daɗe a sujada. Rana ta uku Hasana ta buɗe ido ta nemi koko. Ta rayu, amma har yau ba ta ji da kunnen hagu.

Darasi: in ka je taimakon mutane, tsaya ka saurare su kafin ka yanke hukunci. Ilimi ba ya hana tambaya, gaggawar minti guda kuma tana barin tabon da ba ya gogewa. Kada ka raina godiyar talaka, wataƙila shi zai koya maka dogaro da Allah.