Mai Tantance Wuƙaƙen Jawa da Madina Ta Tofar

An yi wani mutum, baƙo ɗan wata ƙasa, a unguwar Ƙurban, cikin Madina, 'yan shekaru bayan yaƙin Kuwaiti. Ba shi da burin da ya wuce ya mutu a garin Manzo, a binne shi a Baƙi'a. Ko sunanta ya ji sai ya yi hawaye.

Allah ya ba shi ido. Wani tsoho mutumin tsibirin Jawa ne ya koya masa sanin karis, wuƙar gadon mutanensu mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Yakan ƙirga lanƙwasar, ya shafa zanen da ke kwance cikin ƙarfen, ya sansana kube, ya faɗi zamanin da aka ƙera ta. Attajirai masu tara kayan tarihi ba sa saye sai ya ce eh.

Ya 'yan uwa, wanda aka yarda da bakinsa, me ya rage masa in ba tsoron Allah ba?

Sai ya fara sayo sababbin wuƙaƙe wajen alhazai. Ya jiƙa su cikin ruwan lemon tsami da wata farar guba, ya tura su cikin taki har su ci tsatsa. Ya rufe tagogi kada maƙwabta su ji. Gidan ya ɗauki ɗoyi kamar mushe. Faratansa suka yi baƙi, fatar yatsunsa ta dinga saɓulewa, da hannun nan kuma yake cin abinci. Tir!

Matarsa Safiyatu ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Malam, a nan? Kana jin kiran sallar Ƙuba kana wannan ƙazanta?"

Ya ce, "Halas, Hajiya. Ƙarfe ne, ba alade ba."

Ya kai wa wani attajiri guda ɗaya, ya fuskanci Harami ya rantse shekararta ɗari huɗu. Attajirin ya ji daɗi, ya kira direbansa ɗan Jawa ya zo ya ga kayan kakanninsa. Direban ya juya ta sau ɗaya, ya yi dariya. Ya ce maƙerin ƙauyensu ne ya ƙera ta, bara ma ya gan shi da ransa yana shan taba.

Kafin sati kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya janye hannu, aka soke igamarsa, wato takardar izinin zamansa. Safiyatu ta ƙi ko kallonsa. Aka sa shi motar tarhil, mai kwasar waɗanda za a kora daga ƙasar, hannu naɗe da tsumma yana tsiyayar ruwa, ƙudaje na binsa. Motar ta bi ta gefen katangar Baƙi'a. Ya manna fuska da ragar ƙarfen taga yana kuka, ba wanda ya waiwayo. A wani gari can ya mutu, masu wanka suna ɗauke numfashi.

Ba a faɗa mana Madina tana fitar da mugu kamar yadda zugazugi ke fitar da dattin ƙarfe ba? Son garin Manzo ba hawaye ba ne, 'yan uwa, gaskiya ce. Wanda aka ba ido ya ci amana da shi, ƙasar da yake so ma ƙyamarsa take.

Allah ya kiyaye mu, ya tsarkake hannayenmu da harsunanmu. Amin.