Wuƙar Bahago

Ku ajiye wayoyin nan ku dube ni, ai fuskata ta fi abin da ke cikinsu kyan gani. Shari'a na kawo muku, kuma yau ba ni zan yanke ba, ko da yake kun san in na yanke magana ba a ɗaukaka ƙara.

Ina da ɗan ƙanwa, Tasi'u, mai gyaran keken ɗinki a nan Funtuwa. Ubansa baƙo ne. Ya sauka garin nan da 'yar jakarsa, ya yi dako a tasha, ya auri ƙanwata, ya rasu Tasi'u yana goye. Bahago kowa yake ce masa, don da hagu yake komai. In aka tambaye shi garinsu sai ya yi dariya ya ce, "Can yamma." Abin da ya bari duka wuƙa ce guda mai ƙotar ƙaho, a cikin jan kube.

Da Tasi'u ya isa aure sai ya ga Sa'ade 'yar Malam Ɗahiru mai goro, ita ma ta gan shi. Malam Ɗahiru bai ƙi yaron ba. Cewa ya yi, "Halinsa ba ni da ta cewa. Amma ya turo dangin ubansa su nema masa kafin kaka. In ba su zo ba, akwai masu jira." Na sa babbar rigata mai aiki, na naɗa rawani, na fesa turare, na je. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Jibo, kai kawu ne. Baffa nake nema." Na ce to a ɗauka ni ne baffan, wa zai sani? Ya ce, "Ni. Rana ɗaya aka yi mana kaciya." Kun ji yadda ake yi wa mai kwarjini a garin nan.

Damina ta raba, ba baffa ba labarinsa. Tasi'u ya fid da rai, ya ɗauki wuƙar ya tafi sayarwa don ya bar gari kafin a ɗaura wa Sa'ade aure da wani. A nan mutane uku suka shigo, kuma Allah ya saka musu da alheri tun kafin ku ji abin da suka yi.

Na farko Ya'u ne, dillalin tsofaffin kaya, mai tattara takubba da wuƙaƙe da kwalkwali yana kai wa masu kuɗin Abuja su rataya a bango. Da ya zare wuƙar sai ya ƙura mata ido. Yana da mai saye da ya daɗe yana roƙonsa irinta, kuma da ya miƙa wa Tasi'u ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da yaron ya karɓa har da godiya. Amma ya mayar da ita kube ya ce, "Yaro, ba zan saya ba." Ya nuna masa cewa ƙarfenta na tama ne, irin wanda ake narkawa daga dutse, ba sifirin ɗin mota ba. Ya nuna masa kaifin: ta gefen da bahago zai ji daɗin yanka aka karkata shi. Wuƙar kasuwa ba a yi mata haka, don maƙeri bai san hannun da za ta faɗa ba. Wannan kuwa wanda ya ƙera ta ya san mai ita, ya san da wane hannu yake cin tuwo. Ya ce, "Ka nemo maƙerin, ka samo dangin ubanka. Aikin yamma ne, tsakanin Zamfara da Gobir. Iyakar sanina ke nan." Da Ya'u ya saye ta, da yanzu tana bangon wani falo ana nuna wa baƙi, mu kuwa ba mu ma san akwai abin nema ba.

To amma tsakanin Zamfara da Gobir maƙera nawa ne? Sai mu ƙare rayuwarmu muna bin ƙarar masaba. Shi ya kawo mu ga na biyu, Isyaku baduku, wanda ke ɗinka layu da kube a bayan masu tabarmi. Shi wuƙar ma bai dube ta ba, kuben ya juya. Ya ga an maimaita ɗinkin bakin da zare biyu, an ɓoye ƙullin daga ciki, ya ce gida ɗaya ya sani da ke wannan, gidan dukawan da ya yi wa ci-rani yana saurayi, a wata kasuwa bayan Ƙauran Namoda. Kwatance kawai muka roƙa. Ya ce mutanen can ba sa buɗe wa baƙo baki a kan zuri'ar wani, sai sun ga fuskar da suka sani. Ya rufe rumfarsa ana gab da Sallah, lokacin da baduku ke samun na shekara, ya bi mu da ciwon gwiwarsa. Mota ta ajiye mu inda hanya ta ƙare, muka shiga taɓo. Ni na riƙe masa jaka, abin da har yau ba wanda ya ambata. Muka tarar maigidan nasa ya rasu, sai matarsa, tsohuwa tukuf. Ta ƙi kula mu sai da Isyaku ya durƙusa ya ce, "Inna, Ɗan Funtuwa ne, mai ƙona miki tukunya." Ta fashe da dariya, ta karɓi kuben ta ce aikin mijinta ne, kuma maƙeran Garin Tama kaɗai yake ɗinka wa irinsa. Da Isyaku ya zauna a rumfarsa, da ko ruwa ba a ba mu ba.

Garin Tama kuwa gidajen maƙera biyu ne manya, kuma ba sa ga maciji da juna tun rigimar sarautar Sarkin Maƙera da iyayensu suka yi. Muka faɗa gidan farko, na Hashimu, shi ne na uku. Ya ce a ƙasarsu ba a sa alamar maƙeri a fili, a wutsiyar ƙarfen take, cikin ƙota, sai an cire. Tasi'u ya rungume wuƙar ya ce, "Baba, nan hannun mahaifina ya riƙa. In ta fashe ba ni da komai nasa." Hashimu bai yi musu ba. Ya dafa ruwa, ya jiƙa ƙahon har ya yi laushi, ya dinga lallaɓa shi da awartaki kamar mai cire wa jariri ƙaya, har ƙarfen ya fito ƙota ba ta tsage ba. Sai ga alama kamar sawun kaza. Na ga fuskarsa ta canza. Alamar gidan abokan gabarsa ce. Ba mai iya karanta ta a cikinmu, da ya ce bai gane ba da mun yi godiya mun juya. Ya mayar da ƙotar yadda take, ya sa hularsa, ya wuce gaba. Jama'a suka fito suna kallon Hashimu a ƙofar da ko ubansa bai taɓa takawa ba. Ya yi sallama da ƙarfi ya ce, "Mu'azu, fito, na kawo maka naka."

Wani tsoho ya fito, shi ne Mu'azu. Ya karɓi wuƙar, ya gwada ta a hannun hagu, sai ya zauna a ƙasa. Shi ya ƙera wa ƙanensa bahago, Sama'ila, ita, wanda ya yi fushi da gida ya fita bai sake waiwayowa ba. Da ya ji ɗan mai wuƙar ne, ya kama kunnen Tasi'u yana dubawa, yana kuka yana cewa, "Kunnen gidanmu ne wannan." Ni ma wani abu ya faɗa mini ido, hayaƙin maƙera ne.

Kafin a yanke gero Baffa Mu'azu ya iso Funtuwa da 'yan'uwansa cike da mota, da goron da ya ba Malam Ɗahiru mai goro kunya. Aka ɗaura aure. Yanzu Sa'ade ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji, suna jibi. Tasi'u ya so ya sa sunan mahaifinsa, Baffa ya ce Sama'ila ya riga ya samu takwarori a gida tun da suka ɗebe tsammaninsa, a sa wa jaririn sunan ɗaya daga cikin waɗanda suka mayar da Tasi'u ga danginsa. Na yi gyaran murya na ce Jibrin ma suna ne mai daɗin kira. Aka ce in je in duba ragon.

Yaro ɗaya ne, suna ɗaya za a raɗa masa. Ya'u ya bar riba ya nuna akwai abin nema. Isyaku ya bar kasuwar Sallah ya kai mu garin. Hashimu ya haɗiye gabar da ya gada ya kai mu ƙofar. To ku faɗa mini, wanne a cikinsu ya cancanci jaririn nan ya ci sunansa?