Motar da Zaki Ya Yi Alkawari

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo, muna ji!

Zaki ya yi wa dabbobi alkawarin mota guda, ya ce su zaɓa.

Zomo ya daka tsalle: "Ranka ya daɗe, ja mai kujera biyu, wadda ke tsere wa iska!"

Kura ta ce, "Tafi can! Mai baƙin gilashi, in ci namana ba mai gani."

Kunkuru ya ce, "Ni dai bas."

Aka kwashe da dariya.

Ya ce, "Malam Zomo, in taka ta kafe a laka da damina, su wa za su sauko su tura?"

Zomo ya saki kunnuwa. "To, a kawo bas ɗin. Amma gidan gaba nawa ne!"

Ranar kasuwa kuwa ta kafe. Kowa ya sauko ya sa kafaɗa, sai ga ta a kan hanya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, mota ta tashi!