Burtalin da Jinjiri Ya Nome

A Karare akwai wani manomi mai suna Jinjiri. Ƙwazo kam yana da shi, sai dai idonsa ba ya ƙoshi da ƙasa. Gonarsa ta gado tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi daga wajen Tsaskiya su gangara tafki. Duk sanda ya dubi burtalin sai ransa ya ɓaci, wai ga ƙasa mai kyau tana kwance a banza.

Da damina ta sauka sai ya sa garma ya nome shi, ya shuka gyaɗa, ya kewaye da ƙaya.

Daudu makiyayi ya zo har ƙofar gida. Tun zamanin iyayensu shanun su Daudu ke cin karan gonar Jinjiri bayan girbi, su bar mata taki. Da suka gama gaisawa ya ce, "Malam Jinjiri, hanyar nan fa ba ta shanu kaɗai ba ce. Ruwa ma nan yake bi."

Jinjiri ya yi dariya. "To, ruwan ya nemi wata."

Sai Daudu ya karkata shanunsa ta wajen Zakka. Matan ruga suka bi shanu, nono ya daina shigowa unguwar. Larai, matar Jinjiri mai sayar da fura, ita ta fara ji a jikinta.

Ruwa kuwa ya ɗauki shawarar da aka ba shi. Da ya tarar kunyoyi sun tare shi, sai ya ratsa ta tsakiyar gonar geron Jinjiri. Da farko 'yar tsaga ce da yaro zai tsallake. Kafin damina ta biyu ta ƙare ta zama kwazazzabo, ta kwashe ƙasar da kakanninsa suka yi shekaru suna gyarawa. Tafki bai cika ba, masu lambu a bakinsa suka watse. Gonar da ta rasa taki ta fara ba da gero kamar tsintsiya.

Jinjiri ya cire ƙayar da hannunsa, ya hau babur ya tafi Zakka.

"Daudu, na buɗe hanya. Don Allah ku dawo."

Abin ya ba Daudu tausayi. "Ni ban riƙe ka ba. Amma in na kawo su, mi za su sha? Kuma ramin nan, maraƙi ya faɗa sai yanka."

Har yau Jinjiri sai ya yi dogon zagaye kafin ya isa ɗaya rabin gonar mahaifinsa. In ya tsaya bakin ramin, ba ya iya haɗa ido da kowa.

Darasin a fili yake. Shanu da ruwa da kasuwa da gona a ɗaure suke da juna, ko da ido bai ga igiyar ba. Kafin ka toshe abin da ka tarar a buɗe, tambayi wa da wa ke bi ta nan, domin mai yiwuwa abincinka ma ta nan yake zuwa.