Gaisuwar da Anaruwa Ya Kai wa Mai Lema

Tungar Anaruwa gari ne da aka kafa a kan jini. Akasarin jinin dai na baƙi ne, shi ya sa mutanen garin ke ba da labarin da fara'a.

A zamanin da Turawan ciniki suka fara hawo gulbi, tun ba a gane cewa ba ciniki kaɗai ya kawo su ba, fari ya koro wasu gidaje daga tudu. Jagoransu wani manomi ne, Arzika, mutumin kirki mai saurin rantsuwa. Suka sauka a wata fadama, suna mamakin yadda aka bar ƙasa irin wannan ba mai ita. Sai da shinkafarsu ta fid da kai suka gane tana da masu ita. Dorinai suka fito daga ruwa, suka ci iya cinsu, suka kwanta a kan saura. Ƙanen Arzika ya ɗauki sanda ya je korarsu kamar yadda ake korar shanu. A tabarma biyu aka dawo da shi.

Sai aka aika aka kira Anaruwa, maharbin ruwa, mai farauta da zago, wato mashin nan mai igiya. Maroƙa kan ce masa: "Anaruwa na Kulu, ƙarfe mai kwana a haƙarƙari, ka shiga gulbi kada ya nemi tudu!" An ce yakan wuni a ƙarƙashin ruwa yana hira da kifaye. Ban sami wanda ya gani ba, kifayen kuma ba su ce komai ba. Abin da aka tabbatar shi ne ya soke babban namijin garken, ya bi shi a kwalekwale har jini ya ƙare masa, sauran suka koma wani gurbi a ƙasan kwanar gulbi. Shekarar nan aka yanke shinkafa, rumbuna suka cika.

Labarin rumbunan ya bi ruwa, ya dawo da wani Bature wakilin kamfani, wanda ake kira Mai Lema don ba a taɓa ganin rana ta taɓa shi ba. Ya zo a babban jirgin katako da matuƙa ke turawa da gora, da tafinta, da 'yan bindiga na haya. Ya baje gishiri da ƙyalle, ya ce shinkafa yake so. Arzika ya ce za a sayar masa da wani abu, saura kuwa abinci ne da iri.

Tafinta ya ce, "Baba, Bature bai tambayi wani abu ba. Duka ya tambaya."

Arzika ya rantse ba za a taɓa irin shuka ba. Aka ɗaure shi a jikin giginya, aka yi ta zuba masa bulala har bayansa ya zama kamar an yi huɗa. Wani magidanci ya ɗana kibiya, aka harbe shi a baki kafin ya saki. Aka cinna wa bukkoki wuta don a sami fili, sannan aka sa masu shinkafar suka yi dakonta zuwa jirgi da kansu. A littattafan makaranta, irin wannan ake kira buɗe hanyar kasuwanci.

Anaruwa yana gefe yana kallo. Wata tsohuwa, Inna Ige, ta sauke kwandonta a gabansa.

"Kai mai kirari, ƙarfen naka a haƙarƙarin wa zai kwana yau?"

"Inna, bindiga ba ta jin kirari."

"To cire wandon ka ba ni."

Bai ba ta ba. Ya shiga kwalekwalensa ya gangara ƙasan kwanar, inda garken ya koma. Yadda ya raba ɗan dorina da uwarsa, a nan labari ya rabu: wasu sun ce layar zana ya ɗaura, wasu sun ce jaririn ya tarar yana barci a kan yashi. Ko ma yaya aka yi, ya dawo jirgin Bature na gab da tashi, hannunsa na hagu ya rasa yatsu, ga ɗan dorina a ɗaure, an naɗe masa baki da igiya. Ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mun gane kuskurenmu. Ga 'yar gaisuwa."

Mai Lema ya yi murna ƙwarai, don a ƙasarsu har layi ake yi a kalli irin wannan dabba a keji. Ya sa aka ɗora jaririn a kan buhunan shinkafa.

Anaruwa ya ce wa tafinta, "In kun kai tsakiya a kwance masa baki, kada ya shaƙe."

Shugaban matuƙan, wani dattijo da ya tsufa a kan ruwa, ya dubi ɗan dorina, ya dubi Anaruwa, sai ya ce cikinsa ya murɗa, zai zagaya. Abin mamaki, duk matuƙan cikinsu ya murɗa a lokaci guda. Mai Lema ya gaji da jira, ya sa 'yan bindiga suka ɗauki gora.

A tsakiyar gulbi aka kwance igiya. Ɗan dorina ya yi kuka, ruwa ya amsa. Uwar ta taso daga ƙarƙashi, ta ɗaga jirgin har aka ga cikinsa, ta sake shi, ta kafa haure a gefensa ta ɓalle katako kamar ana ɓare rake. Sauran garken suka iso. Wanda ya sami damar harbi ya harba sau ɗaya, bai sami na biyu ba. Mutanen da ke gaɓa suna jin ƙarar ƙashi daga inda suke tsaye. Mai Lema ya kama wani buhu, buhun ya nutse da shi, abin da ya rage kadoji suka raba. Tafinta kaɗai ya kai gaɓa, kuma an ce daga ranar bai ƙara jin Turanci ba.

Masu ba da labari sun ce dorinar 'yar'uwar Anaruwa ce ta wajen aljanu. Ni ban ga inda aikin ya buƙaci aljani ba.

Aka kwance Arzika, jini na bin ƙafafunsa. Ya dubi ruwan da ya yi ja, ya ɗaga hannu ya rantse cewa shi da zuriyarsa da duk wanda ya zauna wurin nan, ba mai ƙara ɗaga makami a kan dorina har abada.

Anaruwa ya ce, "Arzika, da ka bari bayanka ya huce tukuna."

Inna Ige ta ce, "Shinkafar fa? Ko ita ma ka rantse mata ta taso?"

Amma an riga an ce amin. Anaruwa ya rataye zagonsa ya koma fito, yana ƙetarar da fatake, har mashigin ya zama kasuwa, kasuwar ta ɗauki sunansa. Dorinai kuwa suka dawo fadamarsu da damina, suka tarar ba mai cewa kanzil. Manoman suka gwada shinge, suka gwada ganga, daga ƙarshe suka koma albasa, wadda dorina ke shinshinawa ta wuce.

Har yanzu rantsuwar tana aiki. Duk shekara bayan kaka ana bikin tunawa da ranar da aka ƙwato shinkafar gari, a dafa manyan tukwane, a zuba ludayin farko a gulbi don masu taimako. Shinkafar daga ƙetare ake sayo ta.