Makullai Huɗu na Malama Tabawa

Masu riƙe da tsofaffin labarai sun ce a garin Rafin Kanya an yi wata shugabar makarantar 'yan mata mai suna Malama Tabawa. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da makarantar, ba a taɓa ganin layi ya karkace a gabanta ba. Bencuna a jere, takalma a jere, tsintsiya ma ta san kusurwar da za ta jingina. Da ta yi ritaya ta koma gida da abu biyu: agogon bangon da malamai suka ba ta, da wani tsohon kunkuru da ya zauna a lambun makarantar tun kafin a yi mata katanga. Kunkurun nan yana magana, amma sai ya ga dole.

Tabawa tana da aminiya, Malama Saratu, wadda ta koyar da waƙa a makarantar. Saratu tana da wani ɗan abin kiɗa mai kama da ƙaramar jita, tsirkiyarsa huɗu, ana ce masa ukulele. Wata ma'aikaciyar asibitin mishan ce ta bar mata shi tun tana budurwa, kuma da shi take raka yara waƙar tashi kowace Juma'a. To, yanzu sanyin ƙashi ya kama yatsunta sun ƙage, ko allura ba ta iya riƙewa.

Wata rana Tabawa ta je gaishe ta. Saratu ta ɗauko ukulelen naɗe a zane, da wata takarda mai zanen inda ake ɗora yatsu, ta ɗora mata a cinya. Ta ce, "Shugaba, karɓi. Ba na son ya yi shiru ina raye. Na ba ki wata guda, ki dawo ki kaɗa mini waƙar tashi."

Tabawa ta ce, "Ni? Da furfurata in zama makaɗiya?"

Saratu ta ce, "Kin ɗura wa 'ya'yan mutane lissafi shekara talatin. Ke ma ki ɗanɗana zaman benci."

Da Tabawa ta koma gida ta kwance zanen, idonta ya faɗa kan wasu 'yan makullai huɗu da ke saman wuyan ukulelen, kowane da tsirkiyar da ke naɗe a jikinsa. Wannan ya dubi gabas, wancan ya kwanta, ɗaya ya karkace, kamar 'yan aji ɗaya a ranar farko. Ta girgiza kai ta ce, "Haba Saratu, har yau ba ki bar sakaci ba." Ta murɗa su ɗaya bayan ɗaya har suka tsaya cak a jere. Kunkuru yana bakin ƙofa yana kallo.

Sannan ta bi takarda. Ta ƙirga layukan da suka gitta wuyan ukulelen, ta ɗora yatsa a gida na uku na tsirkiyar ƙasa, ta shafa duka huɗun da babban yatsa. Abin da ya fito ya yi kama da kukan ƙofar langalanga. Ta ce laifin yatsunta ne, ta dage. Kullum da hantsi takan share ƙurar ukulelen, ta duba makullai, in wani ya goce ta mayar da shi layi, sannan ta zauna ta yi ta kaɗawa. Kan yatsunta ya yi kanta. Kajin maƙwabta suka daina shigowa tsakar gidan.

Ranar kwana na ashirin da huɗu ta ɗauko zanen ta shimfiɗa. Ta ce, "Gobe zan mayar wa Saratu kayanta. Zan gaya mata gaskiya, abin nan ya tsufa, muryarsa ta mutu."

Sai Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Ranki ya daɗe, matar da yatsunta suka ƙage, in kika ce mata abin kiɗanta ya mutu, ba shi kaɗai za ta ji kin ambata ba."

Tabawa ta tsaya da bakin zane a hannu. Ta ce, "To in yi mata ƙarya, Dattijo?"

Ya ce, "A'a. Amma kafin ki ɗaure, ki yi mini izini in ba ki labarin Jatau magini da jakin wansa."

Ta ce, "In dai ba zai kai mu azahar ba."

Ya ce, "A tafiya kawai nake da nawa. Saurara."

Kunkuru ya ce: An yi wani magini, Jatau, wanda in ya dubi bango sau ɗaya zai gaya maka ya karkace da faɗin yatsa, a auna kuwa a tarar haka ne. Ya faɗo daga tsani, ƙugunsa ya hana shi hawa sama. Wansa Nomau ya ji tausayinsa, ya ba shi aron jakinsa, wanda ya rena tun yana ɗan ƙarami, ya ce ya riƙa kai kaya kasuwar Tsamiya Biyu.

Ranar farko Jatau ya ɗauko mangala, ya zuba kanwa a ɓangaren dama, busasshen barkono a hagu. Ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya auna da kara, ya ƙara nan ya rage can, har ɓangarorin biyu suka yi kai ɗaya kamar tagwayen ɗakuna. Suka kama hanya. Ba su yi nisa ba kaya ya zame dama, jaki ya shiga tafiya a kaikaice har cikin ƙaya. Jatau ya sauke, ya sake aunawa, ya ɗora. Sau bakwai yana haka.

Rana ta take sosai kafin su kai wata rijiya inda wata tsohuwa, Inna Delu, ke sayar da fura. Jatau ya zube a inuwa ya ce, "Inna, dama mini mai sanyi. Jakin nan ya ƙare, ƙafafunsa na dama sun fi gajarta. Gobe zan mayar wa Yaya kayansa."

Inna Delu ta dubi jaki, ta dubi mangala. Ta ce, "Ɗan nan, furarka za ta ɗauki lokaci kafin ta damu. Bari in ba ka labarin Lantana da tukwanenta huɗu."

Inna Delu ta ce: Lantana ta gaji rumfar abinci a bakin kasuwa daga goggonta. Mace ce mai tsabta da tsari. Ta jera murhu huɗu, ta ɗora tukwane huɗu: wake, shinkafa, ganda, da miyar alayyahu. Kowace ta ba ta ice uku da ruwa moɗa biyar. Ta hura su tare, ta zauna tana kallonsu cikin sha'awa, da inuwar rumfa ta kai wani dutse ta sauke su tare.

Wanda ya fara saye wani tsohon wanzami ne, Baba Sambo, mai haƙora shida. Ya kai loma ɗaya, ya dafe kunci. Ya ce, "Lantana, waken nan na ci ne ko na dara?"

Ta ce, "Na ci ne, Baba."

Ya ce, "Shinkafar kuma ba ni ludayi, kunu ce. Gandar nan ki ajiye mini, zan kai wa baduku ya yanka mini takalmi."

Mutanen rumfa suka bushe da dariya. Lantana ta ɓata fuska ta ce, "Ni ban fifita kowace ba, wuta ɗaya na ba su. Tukwanen Goggo ne suka tsufa."

Baba Sambo ya ce, "Tun kafin a haife ki nake cin abincin tukwanen nan, lafiyarsu ƙalau. Daga rumfata ina hango ki tun safe kina kallonsu. Sau nawa kika tsoma ludayi kika kai baki?" Lantana ta dubi ludayin da ke hannunta. Ya ce, "Goggonki ba ta taɓa sauke biyu tare ba. Murhunta kullum a hargitse, wannan na tafasa, wancan an janye masa ice. Amma masu jiran abincinta har bakin mahauta suke kaiwa."

Inna Delu ta miƙa wa Jatau ƙwaryar fura ta ce, "Kai ma tun daga nesa na hango ka kana kanne ido. Ka taɓa ɗaga kayan nan da hannunka ka ji abin da jakin ke ji?"

Jatau ya tashi. Ɓangaren barkono da hannu ɗaya ya ɗaga shi, sai atishawa. Ɓangaren kanwa kuwa ya sa hannu biyu, ya yi nishi, ko motsi bai yi ba. Ya kwashe fiye da rabin kanwar ya ba Inna Delu ajiya, ya riƙa ɗaga nan yana ɗaga can har nauyin ya zo ɗaya. Mangalar ta koma abin dariya, gefe ɗaya a kumbure, ɗaya a motse, kamar kumatun mai ciwon haƙori. Jaki kuwa ya miƙe hanya ɗoɗar. An ce Jatau har kasuwa gefen hanya yake kallo, don idonsa ba ya iya jure ganin kayan, amma ya isa kafin a watse, kuma Nomau bai taɓa jin an aibata jakinsa ba.

Kunkuru ya mayar da wuyansa ya ce, "Iyakar labarin ke nan, ranki ya daɗe. Ga shi ko inuwa ba ta juya ba."

Tabawa ta ce, "Na ji, Dattijo. Amma ni ba ni da jaki, ba ni da rumfar abinci."

Ya ce, "Kina da makullai huɗu. Shekaru ina kwance a ƙarƙashin tagar ajin Malama Saratu. Kowace Juma'a kafin yara su shigo, takan taɓa tsirkiya ɗaya, ta karkata kai, ta ɗan murɗa makullinta, ta sake taɓawa. Idonta a rufe take yi. Tsirkiyoyin nan kaurinsu ba ɗaya ba ne, kowace da irin ɗaurin da take so kafin ta ba da muryarta. Inda makulli ya tsaya, nan ya tsaya. Karkacewar da kika gani ranar farko, da ƙyar ta samo miki ita da yatsun nan nata."

Tabawa ta dubi makullan nan huɗu tsaye a jere kamar ranar zuwan sufeto. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suka shiga rawa, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta ce, "Kwana ashirin da huɗu! Kana kallona, Dattijo, ka kasa cewa kome?"

Ya ce, "Ina wurin ranar da malamin lissafi ya ce kin yi kuskure a jadawali. Na ga yadda ya fito daga ofishinki."

Ta ce, "Kuma shi ke da gaskiya, bawan Allah." Ta share ido. "To yanzu yaya zan mayar da su yadda suke?"

Ya ce, "Ni na san an ɓata, amma ba ni da muryar gyarawa. Mai ita tana can bayan asibiti. Yatsunta ne suka ƙage, kunnenta garau yake."

Tabawa ta ce, "In je in ce wa Saratu ni na lalata da hannuna? Har a kabari sai ta yi mini tsiya."

Ya ce, "Ko ki ce mata ya mutu. Ki duba wanda ya fi miki sauƙin faɗa."

Ba ta jira gobe ba. Ta yafa mayafi, ta rungumi ukulele, ta sa Kunkuru a kwando, don ya ce in aka bar shi da ƙafarsa sai babbar sallah zai isa.

Da Saratu ta kwance zanen ta ga makullan, ta dubi Tabawa, ta sake duban makullan. Ta ce, "Shugaba, su ma kin yi musu asambuli?" Ta yi dariya har ta kwanta a kan tabarma. Tabawa ta zauna ta haɗiye, ta ce, "Gama, ina jira. Yau ni ce a benci."

Saratu ta tashi zaune, ta rufe ido, ta rera sauti ɗaya a hanci. Ta ce, "Taɓa ta sama. Sassauta. Ƙara kaɗan. Kin wuce, dawo. Ke, daina kallo, saurara!" Haka suka bi su huɗun, Saratu na rerawa, Tabawa na murɗawa, har kowace tsirkiya ta haɗu da muryar Saratu suka zama ɗaya. Da Tabawa ta duba, makullai sun watse, kowane ya kama gabansa. Hannunta ya tafi da kansa zai gyara na ƙarshen. Saratu ta kai masa mafici.

Tabawa ta janye hannu, ta ɗora yatsa a gida na uku, ta shafa tsirkiyoyin. Sauti ya fito mai laushi, ya cika ɗakin, irin wanda 'yan matan Rafin Kanya suka riƙa fita ƙofar makaranta da shi kowace Juma'a. Saratu ba ta buɗe ido ba. Ta ce a hankali, "Ga shi nan. Sake."

Tabawa ta sake. Ta leƙa kwando ta ce, "Dattijo, na yarda. A bar su a karkace."

Waƙar tashi sai da ta ƙara wata biyu kafin ta zauna a yatsunta, kuma kowace Juma'a a ɗakin Saratu take darasi. Ba ta sake taɓa makulli ba sai da kunne. Sai dai ta ɗinka wa kan ukulelen 'yar hula ta shuɗin yadi, tana sa masa da zarar an gama, don ta ce zuciyarta ta karɓa, idonta ne har yanzu bai yi ritaya ba.