Jan Goron Baba Mati

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don ba zan maimaita ba. Labarin na zamanin da faifan CD ke tashe ne, lokacin da mai son kallo sai ya taka da ƙafarsa ya je shago, ba yanzu da kuke kwance kuna latse-latse ba.

A wata kasuwa akwai layin masu sayar da fina-finai, a layin akwai wani dattijo, Baba Mati. Shagonsa da ƙyar zai ɗauki tabarma biyu, amma da shi ya ci, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata. Sana'arsa ita ce mai fim ya kawo masa masta, wato uwar faifan da ake buga sauran daga jikinta, shi kuma ya buga da yawa a injinsa, ya raba wa masu baro da 'yan talla su kai ƙauyuka.

To, ga al'adar layin. Masta sau biyu take zuwa. Ta farko ɗanya ce, mai fim ya kawo don dillali ya kalla ya ga ko za ta karɓu. Ta biyu ita ce wadda ta bi ta hukumar tace fina-finai, aka yanke abin da za a yanke. Duka farare, duka a farar ambulan. Baba Mati kuwa bai iya karatun boko ba, sai ya yi wa kansa dabara: duk wadda aka tace, sai ya dangwali jan goron bakinsa da babban yatsa ya manna a ambulan. Mai ja ta halatta, marar ja a yi kaffa-kaffa da ita. Shekara da shekaru dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Sai ranar da aka kawo wani fim na soyayya. A ciki akwai wurin da saurayi ya kama hannun budurwa zai tsallakar da ita rafi, suka tsaya a tsakiyar ruwa suna waƙa, hannu bai saki hannu ba. Hukuma ta ce a cire. Kai Ɗanlami, rufe bakinka, na ga kana shirin magana. Ko ya dace a cire ko bai dace ba, gardamar wata rana ce. An dai ce a cire, an kuma cire.

Ranar da tatacciyar ta iso, kafin ya sa mata ja, Baba Mati na tsakiyar musu da maƙwabcinsa, baki cike da goro, ya share leɓe da yatsa, ya ɗauki ɗanyar zai adana. Yatsa ya bar ja. Washegari ya ga ja, ya ce bisimillah, ya buga ta, ya cika baro-baro da ita.

Ba a jima ba ma'aikatan hukuma suka iso da faifai ɗaya a hannu. Suka garƙama wa shagon kwaɗo, injinsa na ciki, suka ce magana sai a kotu, lasisi kuma ya sa a ransa ya tafi ke nan. Mai fim ya ce shi tatacciya ya bayar, kuma gaskiya ya faɗa. Haka abin yake: babba na da lauya, ƙarami kuwa a hannunsa ake ganin kaya. Baba Mati ya zauna a benci yana kallon kwaɗo, goro a hannu ya kasa kai shi baki.

Nan mutum uku suka tashi.

Na farko Ilu, wancan maƙwabcin da ake musu da shi. Tun da suka haɗa katanga ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan wa ya fi iya dafa shayi a kasuwa. In mai saye ya nufi shagon Baba Mati sai Ilu ya ƙara ƙarar lasifika. Wannan Ilun ne ya sa babbar riga ya tafi ofishin hukuma. Aka ce shugaba ba ya nan, ya zauna. Aka ce ya dawo gobe, ya dawo. Da ya samu shiga ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan wawa ne, ni shaida ne, amma ba ɗan iska ba ne. A ba mu dama mu kwaso abin da ya buga. In mun gaza, a haɗa da shagona a rufe." Shugaba ya dube shi, ya ce ya yarda: in duk abin da aka buga ya dawo kafin zaman kotu, a buɗe shago, in ko ɗaya ya yi saura, shaguna biyu za su tafi. Ilu ya sa hannu. Ya dawo ya kunna nasa injin, ya karɓo tatacciyar a wurin mai fim, ya yi ta bugawa don a samu ta musanya, ba hutu, har injin ya yi hayaƙi ya mutu a kan faifan ƙarshe. Da Baba Mati ya zo godiya, Ilu ya ce, "Matsa min, goronka ne ya jawo mana. Da ka rufe, da wa zan riƙa faɗa?"

Na biyu Sallau, ɗan acaɓa, magidanci, wanda ke ɗaukar wa Baba Mati kaya zuwa tasha. Su masu baro ba su da adireshi. Yau suna wannan kasuwa, gobe suna waccan, yadda ranakun cin kasuwa suka juya. Sallau ya san wace kasuwa ke ci yaushe, ya san wane mai baro ke tsayawa gindin wace bishiya. Ya ɗaure tatattun faifai a bayan babur, ya shiga daji da damina. Ya tura babur a taɓo, ya ɗaga shi a kwalekwale. Wani mai baro da ya ji an hana fim ɗin, ya ɓoye nasa a ƙarƙashin buhun gawayi don ya sayar da tsada. Sallau bai yi faɗa ba, sai ya zauna a kan baron ya ce, "Ɗan'uwa, yau ni ne kayanka, tura ni." Ranar ba a yi ciniki ba sai da faifai suka fito. Ya dawo da duk abin da ke hannun 'yan talla, amma babur ɗin a bayan mota aka dawo da shi, injinsa ya lalace. Ga iyali, ga babu abin nema.

Ta uku Lantana dillaliya, wadda ke ɗora kwano a kai ta shiga gida-gida da atamfa da turare, da faifai a ƙasan kwanon. Domin kuwa da yawa an riga an sayar, sun shige gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Ilu ba zai shiga ba, Sallau ba zai shiga ba, ma'aikacin hukuma ma ba zai shiga ba. Matan kuma da suka ji ana neman faifan, sai kowace ta tura nata ƙasan adaka. Lantana ta bi su ɗaki-ɗaki. Ta ce wa wannan, "Ke, da kina wankan jego wa ya riƙa aiko miki da fim kyauta?" Ta ce wa waccan, "Ranar bikinki talabijin ɗin wa aka aro?" Wasu suka bayar da kunya, wasu suka bayar da zagi, wasu suka ce kada ta ƙara taka musu gida. Saura ɗaya, a hannun wata tsohuwa, Iya Dudu, da ta rantse ba ta bayarwa. Lantana ta sauke kwano ta ce, "Iya, sa mana mu gani." Suka kalli wurin rafin, aka maido, suka sake kallo, aka maido, har tsohuwa ta share ƙwalla ta ce, "Haka marigayi ya tsallakar da ni ranar da aka kai ni. Ɗauki, na ƙoshi."

Kafin kotu ta zauna aka zube buhuna a gaban shugaba. Aka ƙirga, aka gwada da yawan fankon kwalayen faifan da ke shago, ya yi daidai. Aka cire kwaɗo.

Baba Mati ya shiga, ya shafa injinsa, ya fito ya tara su ukun. Ya ce idonsa ya yi rauni, yatsansa ya ci amanarsa, zai koma gona. Ɗa namiji ba shi da shi, 'ya'ya mata na gidajensu ba mai sha'awa. Shago da inji da lasisi na ɗaya daga cikinsu ne. Kada wani ya ce min a raba uku! Shagon tabarma biyu ne, inji ɗaya ne, lasisi kuwa suna ɗaya ake rubutawa a kai.

Da Ilu bai sa wuyansa ba, da ba a ba da damar ba, ba kuma abin musanya. Ga shi ba inji. Da Sallau bai shiga daji ba, da faifai na can a baro. Ga shi ba babur. Da Lantana ba ta shiga ɗakuna ba, da ɗaya ya yi saura, shaguna biyu sun tafi. Ga ta da ciwon gwiwa, rabin gidajen cinikinta sun rufe mata ƙofa.

Baba Mati na tsaye da makulli a tafin hannu, su ukun kowa ya sunkuyar da kai. To, ku da baki bai gajiya: a hannun wa zai sa shi?